Kwalbar Da Nevena Ta Fasa

Ajiye kwalbar nan, Rumen, kuma kada in sake jin wannan tambayar a bakin ɗayanku. Wai me ya sa ba a sayo muku tunkuzar kanti mai hoton biri a jiki, me ya sa sai uwarku ta sansana tamu kafin kowa ya sa cokali. 'Ya'yan gidan manoman gyaɗa ne ke tambayar wannan? Ke ma Iskra gimtse bakinki, ina ganin dariyar. Tunda kun tono, sai ku zauna ku ji, sau ɗaya zan faɗa.

A lokacin kakanku Minko ya shekara biyu a ƙasa. Ubanku Boyan yana can birnin Plovdiv yana gyaran injinan noma, ni kaɗai a gidan nan da gonar gyaɗarmu ta bakin kogin Maritsa. Ban yi makaranta ba, amma duk ƙauyen nan ba wanda zai ce ya fi ni Velika sanin gyaɗa. Idan babban azuminmu na coci ya kama, mako bakwai ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu, me mutane za su shafa wa burodi? Tunkuzata. Duk shekara nakan cika kwalabe, ranar Litinin ɗin farko ta azumi in bi gida-gida, daga gidan fada, limamin cocinmu, har na tsofaffin da ba su da mai niƙa musu. Ban taɓa sayarwa ba. Sunana ne a cikin kwalaben nan.

Abu biyu suka faru a kakar waccan shekarar. Na farko, ruwa ya sauko ina tsakiyar tonon gyaɗa. Wadda na fara tonewa ta riga ta bushe ƙayau, na rataye ta can saman rufi don iri. Sauran kuwa ruwa ya taɓa ta, na shanya kwana biyu, na ga kamar ta yi, na ɗure a buhuna na tura ɗakin ƙasa, ma'ajiyarmu ta ƙarƙashin gida. Na biyu, zazzaɓi ya kwantar da ni mako guda, da na tashi sai na tarar hancina ya mutu. Ba ƙamshi, ba wari. Harshena ma komai na sa masa kamar laka. Ban gaya wa kowa ba. Matar da take iya gane suyar gyaɗa ta yi tun daga bakin ƙofa, ta fito ta ce ba ta jin ƙamshi? Gara a binne ni.

Da sanyi ya yi nisa na soya gyaɗar ɗakin ƙasa, na niƙa, na jera kwalabe. Saura mako uku azumi, sai ubanku ya bugo waya ya ce zai kawo min yarinyar da yake so. Nevena. Na tambaye shi 'yar gidan waye, ya ce mahaifinta malamin makaranta ne, ita kuma tana aiki a shagon da ake suyar gyaɗa da gahawa. Na ce ato, mu mu yi gumi, ita ta zuba a takarda.

Suka zo ran Asabar. Na kira maƙwabciyata Donka don ta taya ni gani, duk da na san bakinta ya fi rediyo kai labari. Yarinya ta shigo siririya, ta gaishe ni da Gwaggo Velika, ta cire takalma ba tare da an ce mata ba. Donka ta raɗa min cewa wannan iska mai ƙarfi za ta ɗauke ta. Muna cikin zama sai na ga yarinyar tana ta waigen murhu, can ta tashi da kanta ta ciro min gurasar cuku da na manta a tanda, gefenta ya yi baƙi. Na ce ai na sani, haka nake sonta.

Sannan na ɗauko abin alfaharina. Kwalbar farko ta shekara, na buɗe ta saboda baƙuwa, na juya man da ya taru a sama, na shafa wa burodi mai ɗumi, na ɗiga zuma, na miƙa mata da hannuna. Ta gutsura. Ta tauna a hankali, ta haɗiye da ƙyar, ta ajiye sauran. Boyan ya kai hannu zai ɗauki nasa, na ga ta dafe masa hannu a gefen tebur. Da idona na gani. Donka ta ce to ita dai ba 'yar birni ba ce, a miƙo mata, ta jawo cokali. Kafin cokalin ya kai, gwiwar hannun Nevena ta ture kwalbar. Ta faɗi a daɓe ta tarwatse.

Ta durƙusa tana tsince gilashi tana ba da haƙuri.

"Bar shi," na ce. "Ba ki ci ba, kin hana ɗana ci, kin kuma fasa. Saura me, ki rushe murhun?"

"Inna, ki tsaya ki ji," in ji Boyan.

"Na ji da idona. Ɗauke ta ku tafi. Gidan da aka raina abincinsa ba a neman albarkarsa."

Hawaye na zuba, yarinyar ta gama share daɓen tas, sannan ta sa takalmanta. Kafin motarsu ta kai kan kwalta, rabin ƙauye ya ji cewa budurwar Boyan ta ƙyamaci tunkuzar Velika.

Washegari ubanku ya bugo ya ce tunkuzar ce ta lalace, kada in ci, kada in ba kowa. Na ce ita ta koya maka? Shekara talatin kana lashe cokalina, yau ka gano ɗaci? Na ce ya zaɓa, ko ni ko mai fasa kwalba, na kife wayar. Daga baya na ji irin rigimar da suka sha. Shi ya ce zai zo ya faɗa min gaskiya a gaban Donka da kowa, a daina zagin matar da zai aura. Ita ta ce in ya yi haka ya zo ya karɓi zoben baikonsa kawai, don ba za ta shiga gidan da aka kunyata uwar gidan saboda ita ba. Ya ce to su yi aurensu a birni ba da ni ba. Ta ce wannan ma ba ta yarda ba. Ubanku da kuke gani da ƙaton gashin baki, kuka ya yi ranar, ku tambaye shi in zai musa.

Asabar ta zagayo, sai ga ta ita kaɗai ta sauko daga bas. Ta ƙwanƙwasa ƙofar shinge. Ina kallonta ta taga, ban buɗe ba. Ta tsaya cikin dusar ƙanƙara har bas ɗin komawa ya zo. Asabar ta gaba ma haka. Donka ta leƙo ta katanga tana mata tsiya, wai ko wata kwalbar ta zo fasawa. Ta ce a'a Gwaggo, gaisuwa ce kawai. Ko kalma ɗaya ba ta faɗa mata ba game da tunkuzar.

Sai Lahadin yafiya ta zo, jajiberin azumi. Kun san ranar nan ƙarami ke zuwa wurin babba ya sumbaci hannunsa ya nemi gafara, kuma ko maƙiyinka ne ba ka rufe masa ƙofa. Yarinyar ta san da haka. Da hantsi ta iso da lemon zaƙi guda a hannu, kamar yadda ake kai wa manya. Kwalabena na jere a kan tebur, na ɗaure musu baki da ƙyalle, gobe rabo. Na buɗe mata ina cije haƙora.

Ta sunkuya ta sumbaci hannuna. "Ki yafe min, Gwaggo."

"An yafe," na ce, don dole ce. "Sai ki kama hanya."

Ta mayar da ƙofar kicin ta rufe, ta duba taga ta tabbatar Donka ba ta kusa. Sannan ta yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Tun yaushe hancinki ya daina ji?"

Na zauna. Ta ce tun ranar farko ta gane, don ƙaurin gurasar nan ya cika ɗakin ni ko juyawa ban yi ba. Ta ce tunkuzar tana warin ruma, tana da ɗacin da ke maƙale wa mutum a maƙogwaro, kuma irin wannan gyaɗar ba ɗanɗano kawai take ɓatawa ba, hanta take ci a hankali. Ta ce da Donka ta kai cokalin nan baki, da kafin dare an gama da sunana.

"Kenan da gangan kika fasa."

"Da gangan, Gwaggo. Ban sami wata dabara ba."

Na ce ƙarya ne, gyaɗata ba ta taɓa ruɓa ba. Ba ta yi musu da ni ba. Ta roƙe ni mu sauka ɗakin ƙasa. Ta zura hannu can gindin buhun da ya rage, ta ɗebo, ta ɓare min a tafin hannuna ɗaya bayan ɗaya, a bakin ƙofa inda haske yake. Hancina ne ya mutu, idona na nan. Na ga fumfuna, toka-toka da kore-kore, kwance a tsakiyar ƙwayar. Wannan nake shirin kai wa fada. Wannan nake shirin ba tsohuwa Stana da ba ta da haƙori ko ɗaya sai tunkuzata take lasa.

Na daɗe ina kallon tafin hannuna. Na tambaye ta me ya sa ta bari ana zaginta mako biyu, alhali kalma ɗaya za ta wanke ta. Ta ce ita sabuwa ce, sunanta bai kai komai ba tukuna, zai iya jira. Nawa kuwa shekara arba'in aka yi ana gina shi.

A al'adarmu babba ba ya sumbatar hannun ƙarami. Ni na yi. A nan bakin ɗakin ƙasa na kamo siririn hannun nan na ce ta yafe min. Ta fashe da kuka tana janyewa tana cewa Gwaggo bari, Gwaggo ba kyau. Na ce wace ce Gwaggo? Ki ce Inna, ki kuma share fuskarki, aiki na jiranmu.

Muka haƙa rami a bayan lambu muka juye kwalaben duka da ragowar buhun, ta ce ko kaji kada a ba. Muka sauko da rabin gyaɗar iri daga saman rufi. Ta bugo wa ubanku waya, ya zo a guje kamar an ce gidan ya kama wuta, ya tarar da mu muna ɓara, ya tsaya baki buɗe. Na ce in ya gama kallo ga dutsen niƙan ubansa can yana jiran mai ƙarfi. Kwana uku muka yi. Ni ina juya suya, kunnena na jin ƙarar ƙwayar, yatsuna na murza jan ɓawon. Ita tana tsaye kusa da ni, in ƙamshin ya kai sai ta ce yanzu, Inna. Ban taɓa yin suyar da ta kai wannan ba.

Ran Alhamis muka fita rabo tare. Donka ta ɗanɗana a bakin ƙofarta, ta lumshe ido, ta ce Velika bana kin wuce kanki, sannan ta harari Nevena ta ce a dai riƙe kwalba da kyau. Na ce surukata ce ta zaɓi gyaɗar, ita ta ce a sauke suyar, kuma duk mai magana a kanta ya zo ya same ni. Bayan bikin Ista, da azumi ya ƙare, aka ɗaura auren.

Hancina bai dawo ba har yau. Shi ya sa uwarku ke sansanawa. Ita ta koya min ma yadda ake gane ta kanti in dole ta sa, tana karanta min bayan kwalba tunda ni ban iya ba. In an rubuta gyaɗa da gishiri kawai, to. In jerin ya yi tsawo, da sukari da wani mai da garin madara, mayar musu, ko azumi ba ta yi wa. Ta kirki mai ne ke taruwa a samanta, a juya shi, ba a zubar ba. Launinta kamar ɓawon burodi, kuma ba ta barin ɗaci a maƙogwaro. Waccan mai birin da kuke kwaɗayi a sandare take kamar sabulu. Ni kuma na koya mata ci. A shafa wa burodi da zumar inabi. A dama da gasasshen tattasai da tafarnuwa a ci da wake. A ɗora cokali guda kan kabewa tana fitowa daga tanda. Yankan tuffa da kuke dangwalawa kuwa dabararta ce, ban hana ba.

Duk safiya in na yi addu'a ina gode wa Allah da ya kashe min hanci, don da yana ji da ban san wace ce aka kawo min gida ba. Ku riƙe wannan. Wanda ya ga aibinka ya rufe, ya haƙura da zaginka har ya sami hanyar gaya maka kai kaɗai, ka riƙe shi da hannu biyu. Ni saura kaɗan girman kai ya sa in kore ta, da yanzu babu ku, babu wannan surutun.

Kuma abin da kuka ji ya tsaya a ɗakin nan, Donka har gobe ba ta sani ba. Rumen, rufe kwalbar, na ga yatsanka. Ku je ku sumbaci uwarku, ku wanke baki, ku wuce ku kwanta.