Ba a Kiran Wanda Ke Bakin Katanga

Katangar ba ta wuce ƙugunta ba, amma Auta ta kai minti goma tsaye a kanta.

Taku biyu ne kacal tsakaninta da ɗaya katangar. Ƙafafunta sun ƙi.

Dogo yana ƙasa, hannuwansa a baya, bai ce mata ci kanki ba. Sauran 'yan wasan ma sun yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Wannan shirun nasu shi ya fi ƙona mata rai. Ko "za ki iya" babu mai ce mata.

Daga ƙarshe ta sauko ta zauna, ta ce jijiya ce ta riƙe mata. Ya gyaɗa kai kamar ya yarda.

Wata biyu ke nan tana zuwa wannan tsohuwar masana'anta duk safiyar Asabar da Lahadi. A gida ta ce aiki aka ƙara mata a kantin magani. Umma ba ta san gaskiya ba, kuma bai kamata ta sani ba, don a nan Yaya ya faɗo bara, daga rufin ɗakin inji zuwa kan siminti. Dogo mai walda, amininsa, shi ya koya masa wannan wasa na tsallake gini da katanga da suke kira parkour. Umma wasan birai take ce masa. Ranar da Dogo ya zo ta'aziyya, a bakin ƙofa ta tsayar da shi, ta ce shi ya kashe mata ɗa, ta rufe.

Auta ma a kan haka take. Abin da ya kawo ta ke nan: ta gani da idonta yadda yake ingiza 'ya'yan mutane.

Sai ta tarar ba ya ingiza kowa.

Mako huɗu faɗuwa kawai ya koya mata. Ta ba ƙasa kafaɗa, ta mirgina, ta miƙe. Ya ce wanda bai iya faɗuwa ba, babu abin da zai kai shi sama. Daga nan sai dira: a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa a lanƙwashe, babu ƙara. In ya ji tim, sai ya ɗaga yatsa ɗaya, ta sake. Ya koya mata kada ta yarda da wurin da ba ta shafa da hannunta ba, ta girgiza shi, ta duba ko akwai yashi ko raɓa.

Ta zo da ƙiyayya cike da ciki, ta rasa inda za ta sauke ta.

Wata safiya ta tarar ya haɗa wani gajeren ƙarfe na atisaye daidai tsawonta, ya goge bakinsa sumul don kada ya yanke ta. Bai ce nata ba ne. Ita kuma ta kawo masa man ƙuna, saboda tabon walda da ta gani a wuyan hannunsa. Tun daga ranar yake ce mata Likita. Ta ce masa da magana ce abinci, da tuni yunwa ta kashe shi. Ya yi murmushi da gefen baki, murmushin ya bi ta har kanti, har ta ba wata tsohuwa maganin tari a madadin na ciwon kai, sai da mai kantin ya yi gyaran murya.

A gida kuwa Yaya bai gama tafiya ba. Takalmansa suna bayan ƙofa, igiyar ɗaya a kwance. Wani lokaci tana shara sai ta ji ana hawa matakala bibbiyu, yadda yake yi, ta tsaya da tsintsiya a hannu har sawun ya ɓace.

Abu ɗaya take riƙe da shi tana samun sanyi. Ranar da abin ya faru ta zo kiransa gida. Ta shigo ta ƙofar masana'antar, ta hango shi can sama, ya ɗauko gudu. Ta ɗaga murya ta ce, "Yaya!" Ya juyo, ya gan ta, ya yi murmushi.

Sai babu shi.

Shekara guda tana gaya wa kanta cewa ko ba komai, fuskarta ce abu na ƙarshe da ya gani.

A mako na tara wani direba ya biyo abokinsa kallo. Balbela ce a sama, doguwar yarinyar da ta fi kowa iyawa, wadda kowa ya san don Dogo take zuwa. Ta ɗauko gudu ke nan direban ya kwaɗa mata kira, wai ta nuna musu.

Kanta ya ɗan juya. Ɗan kaɗan.

Ƙafarta ta kuskure bakin katangar, ƙwaurinta ya daki siminti, ta mirgino ƙasa. Allah Ya sa wurin ba shi da tsawo.

Auta ba ta taɓa ganin Dogo ya yi fushi ba sai ranar. Ya cakumi rigar mutumin.

"Ba a kiran wanda ke bakin katanga. Ko gobara ake yi. Ido yana bin suna, ƙafa kuma tana bin ido."

Sai ya tuna da wadda ke tsaye a bayansa. Ya saki rigar. Ya juyo a hankali.

A fuskarsa ta karanta komai.

Balbela tana zaune tana danne jini da gefen rigarta, ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ai wannan dokar ranar farko ake gaya wa kowa, kafin ma a koya masa faɗuwa. 'Yar gata ce kawai aka tsallake.

Auta ba ta san yadda ta fita ba.

Da yamma ta same shi a shagonsa, ya kifa kai a kan wata ƙofar ƙarfe da bai ko kunna mata wuta ba.

"Ka ji na kira shi ranar?"

"Na ji."

"Umma ta zage ka a gaban mutane. Ka yi shiru."

"Ta rasa ɗa ɗaya, Likita. Ban ga amfanin ta rasa biyu ba."

Ya gaya mata sauran ba tare da ya dube ta ba. A ƙa'idarsu, duk lokacin da wani zai yi babban tsalle, mutum ɗaya yana tsayawa a ƙofa ya tare duk mai shigowa. Ranar shi ne mai tsaron ƙofa. Ya bar ƙofar ya hau sama, don ya ɗauki Yaya hoto da waya. Saboda haka in Umma ta ce shi ne, ba ta yi ƙarya ba. Ya roƙe ta ta bar maganar a inda take.

Ta koma gida, murmushin nan na Yaya yana gabanta. Yanzu ta kasa kallonsa, ta kuma kasa kawar da kai.

Kwana uku bayan haka Balbela ta zo gidansu tana ɗingishi, wai ta zo gaida Umma. Kafin ta tafi ta nuna mata hoto a waya: Auta a kan katanga, Dogo a ƙasa yana kallonta irin kallon da ba ya buƙatar fassara.

Umma ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi. Ta ce wa Auta ta zaɓa, ko wanda ya kashe mata ɗan'uwa, ko uwar da ta haife ta.

Da Dogo ya ji, sai ya aiko mata da saƙo gajere. Ya ce ya samu wurin aiki a wani gari, ƙarshen wata zai tafi. Ya ce ta riƙe mahaifiyarta. A ƙasa ya rubuta: "Ke ce kaɗai abin da na samu mai kyau a shekarar nan."

Ta karanta ya fi sau ashirin.

Hanyar a fili take. In ta yi shiru, Umma tata ce har abada, shi kuma ya tafi da laifin a kansa. In ta yi magana, ba ta san da wane ido Umma za ta sake kallonta ba.

Ranar Laraba da la'asar ta shiga kicin. Umma tana yanka albasa, ta ba ta baya.

"Umma... ni na kira shi."

Wuƙar ba ta tsaya ba.

"Yana gudu zai yi tsalle. Na kira sunansa, ya juyo. Ba a kiransu a lokacin, ban sani ba. Dogo ya ji, ya ɓoye. Shekara guda kina tsine masa a kan muryata."

Wuƙar ta tsaya.

Auta ta jira mari, ko ihu, ko a ce ta fita. Umma ta ɗauraye hannunta, ta goge a zaninta, ta wuce ta gefenta ba tare da ta taɓa ta ba, ta shiga ɗaki ta rufe.

Kwana biyar gidan kamar babu kowa. Auta tana ajiye abinci a bakin ƙofa, tana ɗaukewa kamar yadda ta ajiye. In sun haɗu a matakala, Umma bango take kallo. Auta ta rame. A kanti in za ta kira mai sayen magani da ya manta canjinsa, sai muryar ta maƙale, sai dai ta bi shi ta taɓa shi.

A rana ta shida tana zaune a ƙasa tana ninke kaya, Umma ta zo ta tsaya a kanta.

"Ni na aike ki," in ji ta. "Na ce ki yi sauri, abinci yana hucewa. Abinci..."

Sai ta sulale. Auta ta tare ta, suka zube tare a kan kayan wankin, kowacce tana cewa ba ke ba ce, ba ke ba ce, har muryoyinsu suka dishe.

Washegari Umma ta yafa mayafi ta ce a kai ta shagon.

Dogo yana cikin ɗaure injinsa da igiya, rabin kayan sun riga sun shiga buhu. Da ya ga wadda ke bakin ƙofa, igiyar ta suɓuce masa. Ya durƙusa a inda yake, cikin ɓarɓashin ƙarfe.

Umma ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta ce Auta ta gaya mata ranar ita titi ta ruga neman mota, shi aka bari da yaron.

"Ya daɗe?"

"A'a, Umma. Kansa yana kan cinyata. Bai kai minti biyu ba."

"Ya ce wani abu?"

Auta ta zuba masa ido. Ta san abin da kowa zai faɗa wa uwa a irin wannan wuri.

"Bai ce komai ba."

Umma ta gyaɗa kai.

"Da ka ce ya ambace ni, da ban ba ka 'yata ba." Ta dubi buhunan. "Kwance kayan nan. Ka turo manyanka. Amma ranar da ta dawo min da ƙafa a ɗaure, ni da kai ne."

Ya sa bayan hannu ya rufe idonsa, kafaɗunsa suna rawa.

Umma ta juya ta fita. A bakin titi ta tsaya, motoci suna wucewa, ta miƙo hannu baya ba tare da ta waiwayo ba.

"Auta, riƙe ni mu tsallaka. Ba na gani sosai."