Abin Da Mai Ɗaukar Makara Ya Gani

"Gobe za a mayar masa da kayansa!"

Tsintsiya ta suɓuce daga hannun Najiba. Ta dubi yayanta Mahadi da ke tsaye a tsakar gida yana huci, riƙe da waya.

"Waɗanne kaya, Yaya?"

"Kayan sa rana! Ba zan ba mai leƙen gidan mutane ƙanwata ba."

Ya dangwara mata wayar a hannu. Hoton wani zane ne na fenti, aikin Kamalu, saurayinta. Sana'arsa zana bayan manyan motoci a Funtua, zaki da ɗawisu da jirgin sama. Amma wannan tsakar gidansu ne na Maska, ranar da Baba ya rasu. Ga Inna zaune a tabarma, ga Najiba ta kifa kai a cinyarta.

"Sa'adiya ce ta gan shi rataye a shagonsa ta ɗauko mini. Uwarmu na takaba, ƙato ya zauna ya zana ta! Ta ina ya gan ta in ba leƙe ba?"

Sa'adiya 'yar baffansu ce. Ta daɗe tana cewa ba ta ga abin da Kamalu ya gani a jikin Najiba ba.

Kwana hamsin ke nan da rasuwar. Masu ta'aziyya sun watse, an mayar da tabarmin aro. Inna sai ta wuni ba ta yi magana goma ba. Mahadi tun asuba yana gonar masara, ya dawo ya shige ɗaki. Najiba ita kaɗai take cin tuwonta. Muryar Kamalu a waya ce kawai ta rage mata, ga shi ita ma za a raba ta da ita.

Ta laɓe bayan rumbu ta kira shi.

"Me ya sa ka yi mini haka...?"

"Haba rabin raina, kuka kike?"

"An ce leƙe ka yi."

"Wallahi ban leƙa ba. Shigar da ni aka yi."

"Wa ya shigar da kai?"

"Share hawayenki, masoyiyata. Gobe da hantsi ina nan tafe da zanen."

Ya zo a babur, zanen naɗe cikin buhun taki. Mahadi ya tare shi a zaure, bai ko amsa sallamarsa da kyau ba. Sai muryar Inna daga ciki.

"A shigo mini da abin in gani. Ai ni aka zana."

Najiba ta kai shi, ta jingina shi da bango, ta yaye buhun.

Mahadi ya biyo ta ciki, suka zuba wa zanen ido.

Ga fason diddigen Inna. Ga buta a kife. Ga fartanyar Baba jikin rumbu, laka ba ta gama bushewa a bakinta ba. A gefen dama kuma, wajen da hoton Sa'adiya ya yanke, ga wani ƙaton namiji durƙushe, ya kafa goshi a kafaɗar Inna, hannunta na kan ƙeyarsa.

Mahadi ne.

"Ni... ni ban yi kuka ba," ya ce.

Kamalu ya amsa daga zaure, bai ɗaga labule ba.

"Mu huɗu ka kira mu shigo mu ɗauki makara, Yaya Mahadi. Ni na riƙe baya ta hagu. Sau ɗaya na ɗaga kai, na sunkuyar. Abin da na gani ya ƙi barin idona sai da na sauke shi a allo. Rataye shi inda mutane ke gani, wannan laifina ne. A yafe mini."

Inna ta matso. Ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa ta shafa ƙeyar nan ta fenti.

"Kowa ya zo sai ya ce in yi haƙuri, ya tashi ya tafi," ta ce. "Na ma manta ranar akwai mutum biyu a jikina."

Ba ta kiran sunan ɗan fari, don haka ta juya kawai ta dube shi.

"Kai kuma tun ranar ba ka sake zama kusa da ni ba."

Mahadi ya sunkuyar da kai. Inna ta ce a shigar mata da zanen ɗakinta. Can ya ce, "Inna, hoto a ɗakin da ake salla?"

"In zan yi salla na rufe shi. Kayan sa rana kuwa ba inda za su. Ina fita takaba a ɗaura."

Najiba ta toshe baki, hawaye na gudu ta tsakanin yatsunta.

"Inna, in na tafi wa zai zauna da ke?"

"Ki tafi abinki, 'yar nan. Amma wannan nawa ne, ki faɗa wa mijinki."

Haka aka yi. Ranar kai amarya Funtua, mata na guɗa suna tura ta gaba, Najiba ta ɗaga mayafi kaɗan ta waiga. Inna ba ta fito rakiya ba. Ta ƙofar ɗaki ta hango ta, ta ja 'yar kujerarta gaban zanen ta zauna, ta ba ƙofa baya.