Rariya Ta Ce Lafiya Ƙalau

Shuɗin haske ya bi fuskar yarinyar daga goshi zuwa haɓa, sannan fitilar ƙofa ta kawo kore.

"Babu alamar ciwo," in ji na'urar. "Ku koma gida. Na gaba."

Rariya mutanen Birnin Tsauni suke kiranta. Tun da likitoci suka yi ƙaranci aka girke ta a ƙofar kowane asibiti, tana karanta fuskar majinyaci da ta wanda ya kawo shi. In ta ga azaba ko tashin hankali, ƙofa ta buɗe. In ba ta gani ba, kowane ne kai sai ka juya. Abin da ta auna kuma takan aika wa Hukumar Walwala.

Zuwan Kuluwa na biyar ke nan. Wata uku 'yarta Sa'ade tana dariya babu abin dariya. Tana cin tuwo za ta fashe da ita har ta ƙware. Yanzu tafiyarta ma ta fara karkacewa.

"Ki sake duba ta," in ji Kuluwa, murya ƙasa-ƙasa. "Yarinyar nan ba daɗi take ji ba."

"Walwalar yarinya, kashi casa'in da takwas. Damuwar mai rakiya, kashi huɗu."

Kashi huɗu! Sa'ade 'yar fari ce, ga kuma surukar Kuluwa, Hajiya Gambo, tsaye a gefe. Shekara shida Kuluwa ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, ba ta taɓa rungumar ta a gaban manya ba. Haka aka rene ta, har fuskarta ta saba ɓoyewa. Waɗanda suka ƙera Rariya ba su san kunyar ɗan fari ba.

"Mu tafi, 'yar nan," in ji Hajiya. "Wa ya taɓa kai mai dariya asibiti? Kina tsayar da layi."

Sai dariyar ta sake tasowa. Sa'ade ta dafe ƙeya, hawaye na zuba, tana ƙyaƙyatawa.

"Umma... ki ce ta daina..."

Kuluwa ta dubi Hajiya, ta dubi layin. Ta zube a ƙasa ta ƙanƙame 'yarta.

"Sa'ade. Sa'adena, ga ni nan."

Muryarta ta karye. Hajiya ta kau da kai. Fitila ta kawo ja, ƙofa ta buɗe.

Likita ya daɗe yana kallon hoton kan. Ƙari ne, ya ce, a tushen ƙwaƙwalwa, inda take haɗuwa da laka. Shi ke danne jijiyoyin da ke riƙe dariya, sai ta kuɓuce ba da son mutum ba.

"Za mu yi aiki gobe, amma ya girma. Da wata uku baya kuka zo... Malama, me ya tsayar da ku?"

Kuluwa ta kai dubanta waje. Ta taga tana hango babban allon Hukumar Walwala, yana taya unguwarsu murna: wata uku a jere ita ce ta ɗaya a farin ciki.