Kujera Ta Goma Sha Bakwai

"Ni? Sinima? Tunda uwata ta haife ni ƙafata ba ta taɓa taka ƙofar gidan nan ba!" Baba ne yake faɗa a tsakar gida, yana buga ƙafa har buta ta kife. "Kuma ba zan ba jikan mai haska fim 'yata ba. Magana ta ƙare!"

Auta na durƙushe gabansa, hawaye shaɓe-shaɓe. "Baba, don Allah, filis! Injiniya ba ɗan iska ba ne, gyaran lantarki yake yi. Kakansa ne ya yi aiki a can."

"Filis ɗin gidanku! Sau biyu na kori iyayensa. In suka dawo na uku, da tsintsiya zan raka su."

Mama ta ɗago daga ɗinkin da take yi. "Malam, tunda aka haife ka fa ka ce?"

"Haka na ce!"

Ta koma kan ɗinkinta.

Sinimar tana ƙarshen layinsu, shekara ashirin a rufe, sai jemagu da tattabaru. Injiniya yana so a gyara ta ta zama ɗakin karatun unguwa. Baba kuwa, da yake shi ne ciyaman ɗin kwamitin unguwa, ya rantse sai an rushe ta, kuma ranar da ta faɗi, ranar maganar aure ta faɗi. Ƙawaye suka zuga Auta ta daina cin abinci har Baba ya sauko. Ta ƙi. Shi ma Injiniya ya ce mata, "Mu yi haƙuri. Ba na son aurenki da fushin mahaifinki a kanmu."

Asabar da safe kwamiti ya je duba ginin, rabin unguwa na biye. Auta da Mama suka tsaya bakin ƙofa. Injiniya ya riƙo hannun kakansa, tsoho Mai-Majigi, mai haska fim a da, wanda idonsa ya daɗe da tafiya.

Ciki duhu-duhu. A matakala ta uku sakatare ya yi tuntuɓe, takardu suka watse. Baba kuwa ya tsallake ta ko ƙasa bai duba ba. Ga wani ƙarfe ya gitta a sama, ya ƙwale goshin mutum biyu. Baba ya sunkuya ya wuce sumul, yana ta faɗa: "Kun ga matattarar shaiɗan! Nan aka lalata yaran mutane!"

Aka ce a zauna a yanke hukunci. Kujerun duk a naɗe suke, tsatsa ta cinye su. Kowa na ja, kowa na nishi. Baba bai daina surutu ba ya miƙe zuwa layin baya, ya tsaya gaban wata kujera, ya doki ƙafarta ta hagu da dunduniya sau biyu, ya danna da gwiwa. Ƙwas! Ta buɗe. Ya zauna ya harɗe.

Tsoho Mai-Majigi ya daskare. Ya juya kunne.

"Wa ya buɗe kujera ta sha bakwai?"

Ya ɗaga murya.

"Na ce wa ya buɗe ta? Tun tana sabuwa kujerar nan ba ta buɗuwa. Har ni mai aiki a gidan na gaza. Mutum ɗaya ne ya san kanta a duniya." Ya fuskanci layin baya. "Dogo Mai Fito! Kai ne? Kana raye?"

Baba ya zabura. "Tsoho, ka rikice! Sa'a ce kawai!"

"Ga muryar ma! Kai da in fim ya tsinke kake fito har sai na leƙo ta taga na zage ka? Kai da ka kalli fim ɗaya sau tara kana kuka a wuri ɗaya? Ina yarinyar nan mai sayar da gyaɗa a ƙofa, da kake saye kullum ba ka ci?"

Daga bakin ƙofa Mama ta ce, "Ga ni nan, Baba Mai-Majigi. Ya aure ni. Kai ka raka shi gidanmu da mahaifina ya kore shi."

Dariya ta fashe, har tattabaru suka tashi. Auta ta toshe baki, tana kuka tana dariya.

Tsohon bai yi dariya ba. "Ashe kai ne ciyaman ɗin da ya kori 'ya'yana sau biyu? Ƙuruciya ba laifi ba ce, Dogo. Laifin shi ne ka ɓoye taka, ka hukunta yara da ita. Su sun yi haƙuri da kai, sun fi ka girma yau."

Baba ya dubi Injiniya, ya dubi Auta, zufa na bin gemunsa. "To... su dawo na uku," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Ba tsintsiya."

Ya yunƙura zai sulale. Sha bakwai ta naɗe, ta cafke masa riga ta baya.

"Dunduniya sau biyu, Ciyaman!" in ji sakatare. "Ai ka fi mu sani!"