Baƙin Akwatin Tasi'u a Mashigin Ɗorawa

Ku matso kusa. Zulai, kashe fitilar wayar nan. Wannan ba tatsuniya ba ce, mutumin da abin ya faru da shi yana nan da ransa. Gobe ma za ku ga ya wuce ta ƙofar garejina kamar kazar da ruwa ya daka.

Tasi'u nake nufi. E, mai baƙin gilashin nan.

Bara ya sayi mashin irin na zamani, marar kafireta, wanda wata ƙwaƙwalwa ce a ciki take auna masa mai. Mashin lafiyayye, ko tari ba ya yi. Amma bai ishi Tasi'u ba. Ya ga bidiyon wasu marasa aikin yi suna tsere a waya, sai ya yo odar wani ɗan baƙin akwati, bai fi kwalin ashana ba, wai a jona shi a wayoyin mai ya ƙara gudu. Ya kawo mini in ɗaura.

Na ce, "Tasi'u, abin nan ƙarya yake yi wa ƙwaƙwalwar mashin. Ya ce mata mai bai isa ba, ita kuwa ta yi ta ƙarowa. A guje za ka ji daɗi. Kana sakin totur, mai ya shaƙe shi, ya mutu."

Ya dube ni ta saman gilashi. "Yaya Sahabi, kai fa bakaniken kafireta ne. Wannan aikin kwamfuta ne."

Shekara goma sha tara ina cikin baƙin mai, wai yau Tasi'u ne zai koya mini inji. Mutumin da bai san hagu da damar sufana ba! Na ce ya je, Allah ya ba da sa'a.

Ya je ya ɗaura da kansa, da reza da salatif. Tun daga ranar, duk mararrabar da ya tsaya, mashin ya mutu. Ya canja fulogi sau uku. Ya zagi masu gidan mai. Ya zagi batir. Akwatin ne kaɗai bai zarga ba, don kada a ce na fi shi gaskiya. Daga ƙarshe ya samo dabara irin ta wawaye: kada ya saki totur ko kaɗan. Ko a tsaye yake, sai ya yi ta murzawa, salansa tana harbi kamar bindiga.

To, ku da ba ku taɓa bin hanyar ƙauyensu ba, akwai wani wuri da ake kira Mashigin Ɗorawa. Ɗan rafi ne, ruwansa iya idon sawu. Duk mai mashin da ke bin hanyar ya san ƙa'idar wurin. Tun daga gangare za ka saki totur, ka bar inji yana numfashi a hankali, ka yi sallama, ka wuce. Musamman da tsakar rana. Lokacin masu wurin suke kwantar da 'ya'yansu.

Wata Talata, cikin damina, aka bugo masa waya. Kububuwa ta sari yayarsa Hansai a gona. Hansai da ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Ɗan asibitin ƙauye ba shi da maganin dafi. Tasi'u ya karɓo allurar a birni, aka saka masa a kula da ƙanƙara, ya ɗaure a baya. Malamin asibiti ya ce masa a waya, "Jini ya fara fita ta dasashinta. Kada ka tsaya ko shan ruwa."

Rana tana tsaka ya iso gangaren. Ya san ƙa'ida sarai. Amma ya san in ya saki totur mashin zai mutu. Sai ya murɗe shi har ƙarshe, ba sallama ba komai, ya afka cikin mashigin da harbi da hayaƙi.

A tsakiyar ruwa, ɗif.

Ya danna sitata. Shiru. Ya sauka, ya leƙa tanki, mai cike. Ya taɓa kan batir, a ɗaure. Ya zaro fiyus, lafiya lau. Sai a lokacin ya lura kwaɗi sun daina kuka. Tsuntsaye ma haka. Ba abin da yake ji sai ɗigar ruwa daga kula. Ƙanƙara ta fara narkewa.

"Ka tashe mana yara."

Wani tsoho ne zaune a kan saiwar ɗorawa, a gabansa, da tsumma a kafaɗa irin namu na bakanikai. Amma muryar daga bayan Tasi'u ta fito. Ya waiga. Ba kowa.

Tsohon ya taso ya shigo ruwan. Ruwan bai motsa ba.

"Me ka ƙara wa mashin ɗin?"

Kun san me sakaran nan ya ce? Yayarsa tana can tana zubar da jini, shi kuwa girman kansa yake tsaro.

"Ba komai, Baba. Haka kamfani ya yi shi."

Sai ya ji sanyi a ƙwaurinsa. Ruwan da ke iya idon sawu ya hau. Ba hadari, ba gajimare.

"Me ka ƙara?"

"Man ne ba shi da kyau, Baba."

Ruwa ya kawo gwiwa. Ya fara lasar salansa. Tasi'u ya sunkuya ya duba, ruwan garau, sai ya hango ƙafafun tsohon a ƙasa. Dugadugai a gaba. Yatsu suna kallon baya.

Sagiru, rufe bakinka, ƙuda zai shiga.

Tsohon ya ɗora hannu a kan kular. Hannun ba mai, ba datti, ba farce.

"Sau ɗaya ya rage in tambaya."

Nan Tasi'u ya fashe da kuka, ƙaton banza. Ya ce, "Akwati na saka! An hana ni, na ƙi ji!" Ya ɗaga kujera, ya fizge akwatin da salatif ɗin da komai, ya mayar da wayoyin yadda suke.

Tsohon ya karɓi akwatin, ya kara a kunne, ya jefa a aljihu.

"Maƙaryaci ɗaya ya fita. Saura ɗaya." Ya taɓa tankin da yatsa. "Daga yau ba injin da zai ji ƙarya a bakinka ya ci gaba da aiki. Wuce. A hankali."

Dannawa ɗaya mashin ya tashi, shiru kamar kyanwa. Ruwa ya koma idon sawu. Tasi'u yana ganin ko minti goma bai yi ba. Da ya ɗaga kai, rana ta karkata, la'asar ta yi.

An yi wa Hansai allura. Ta rayu. Amma ƙafar ta riga ta yi baƙi. Malamin ya ce da an kawo da azahar, da ba a kai ga haka ba.

Da ta farfaɗo, ta kama hannunsa. "Auta, me ya tsare ka?"

Ya ce, "Faci na yi, Yaya."

Janaretan asibitin ya mutu nan take. Fanka ta tsaya. Malamin ya fita ya tayar, ya dawo. Tasi'u ya sake buɗe baki, ya ce, "Hanya ce ta..." Ɗif.

Sai ya durƙusa ya faɗa mata komai, a gaban mutane. Da ni ne ita, da na tsinka masa mari. Ita kuwa sai ta ce, "Ka dai kawo. Allah ya yi maka albarka." Wallahi da zagi ta yi, da ya fi masa sauƙi.

A birni aka yanke ƙafar, daga ƙasan gwiwa.

Yanzu duk Alhamis shi yake kai ta kasuwa, sandarta a gicciye a kan cinyarsa, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. In ya zo garejina kuwa, na kafa masa doka: in akwai injin da ke aiki, ya yi shiru. Ran nan ya ce wa wani ai shi da kansa ya ga dama ya cire akwatin. Mashin uku suka mutu mini a lokaci guda.

Ba na tausayinsa. Hansai nake tausayi.

Ku kuma, in kun girma kun yi mashin, kada wanda ya bi Mashigin Ɗorawa shi kaɗai. In dole ta sa, ku saki totur, ku yi sallama. In wani tsoho ya yi muku tambaya, ku ba shi amsa tun a karon farko.

Ku tashi ku kwanta. Zulai, ke za ki rufe ƙofa.