Wanda Ya Shafo Ɗaya Rabin

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Bakanike ya fito daga gareji, sifana a aljihun baya, zai duba tiyon wata tankar man jirgi. Tankar ta daɗe a ajiye. Wadda aka saba aiki da ita ce ta lalace da la'asar, ta yi zaune daɓas a kan dandamalin siminti inda ake gwaji, aka ce a fito da tsohuwar ta rufa asiri.

A wurinsu ba a yarda da ido a kan tiyo. Warware shi ake yi baki ɗaya, a shimfiɗe a ƙasa, a tayar da famfo ya cika shi da mai har ya yi tauri. Sai mutum biyu su cire safar hannu. Ɗaya ya kama daga gindin tanka, ɗaya daga bakin ƙarfen da ake ɗaura wa jirgi, su taho a sunkuye suna shafawa suna matsawa. Tafi ne ke jin inda robar ta yi laushi, inda ta kumbura, inda ta fara gumin mai. In sun haɗu a tsakiya kowa ya ɗaga tafinsa baƙi ƙirin, su tafa. Tafawar nan kamar rantsuwa ce, ma'anarta na duba nawa, kuma ba a komawa kan rabin da abokin aiki ya tafa a kai. Yin haka zagi ne.

Abokin tafawar Bakanike shi ne Gajere, mutumin da bakinsa ba ya hutu. Daga ciwon gwiwarsa ya koma kan surukarsa, daga nan ya faɗa ƙwallo. Kullum warin man zafi yake yi saboda gwiwar, tun daga nesa hanci ke sanar da zuwansa. Shekara da shekaru Bakanike na roƙonsa ya yi shiru ko na minti ɗaya, bai taɓa samu ba.

Ran nan Gajere bai iso ba tukuna.

Auta kuwa, ƙanen Bakanike, yana jingine da ƙofar tankar yana kaɗa makulli. Shi ne direban, shi zai tsaya ƙarƙashin fiffike ya ba jirgi mai. Gemu ya cika masa fuska, matarsa na ɗauke da tsohon ciki, amma har gobe Inna sai ta tambaya ko yaron ya ci abinci. Bakanike ne ya samo masa aikin. Ranar da zai fara, Inna ta kama hannun Autan ta danƙa a na yayansa, ta ce amana ce, yadda ya fita da shi da ƙafafunsa haka take so ya dawo mata da shi.

"Yaya, jirgin fa ya sauka," in ji Auta. "Sun fara kira."

"Su kira. Tiyon da ban shafa ba, ba za ka tsaya kusa da shi ba."

"To a ina za ka shimfiɗa? Waccan ta tare wurin."

Bakanike ya dubi bayan fili. Akwai sarari a can, ciyawa gajera, sai wata 'yar siririyar hanya da ta ɓullo ta ƙarƙashin wayar shinge ta ratsa ta shige bakin magudanar ruwa. Ba mai bin ta, amma ciyawa ba ta taɓa rufe ta ba. Tsofaffin ma'aikata sun sha cewa kada a gitta mata komai in rana na faɗuwa, akwai masu wucewa. Bakanike ya ce gafiyoyi ne, kuma gafiya ba ta hana shi aiki. Ya sa Auta ya ja tankar can. Suka warware tiyon, ya miƙe sambal ya ratsa hanyar ta tsakiya, ko bismilla bai tuna ya yi ba saboda sauri.

Famfo ya tashi. Tiyon ya motsa, ya cika, ya yi tauri. Auta ya zagaya gaban tanka yana amsa rediyon hannu.

Bakanike ya cire safa ya durƙusa. Robar da ɗumi-ɗumin rana. Warin man jirgi, mai kama da kananzir, ya cika masa hanci. Ya fara shafowa, yana tsaki a ransa cewa yau shi kaɗai zai yi na mutum biyu.

Sai ya ji daga can ƙarshen. Shuu. Shuu. Ƙarar tafi a kan roba.

Ya ɗaga kai. Ga mutum can a sunkuye, gajere, da rigar aiki mai ɗaukar ido, yana tahowa yana shafa. Hasken ya ragu, fitilun filin ba su kama ba tukuna, amma wannan tafiyar ta mai ciwon gwiwa ba ta ɓoyuwa.

"Sai yanzu?" Bakanike ya ɗaga murya. "Surukar ce ta riƙe ka?"

Ba amsa. Shuu. Shuu.

Bakanike ya yi dariya, ya ce lallai yau an taɓo mutumin. Ya ci gaba da nasa. Tsuntsayen da ke kwana a kan shinge, masu cika wa mutane kunne kowace yamma, sun yi tsit. Ya lura da haka, bai ba shi muhimmanci ba.

Suka haɗu daidai kan 'yar hanyar.

Gajere bai ɗago fuska ba. Hular aikinsa ta rufe goshi. Ya ɗaga hannu, ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron tada barci.

"Na duba nawa."

Suka tafa. Sanyi ya ratsa hannun Bakanike har gwiwar hannu, irin na wanda ya tsoma hannu a randa da asuba. Ya yarfe hannun, ya juya ya ƙwala wa Auta kira a kashe famfo a naɗe. Da ya waiwayo, mutumin ya tafi. Ya ɗauka bayan gareji ya zagaya.

Aka naɗe tiyo. Auta ya hau, ya leƙo ta taga yana murmushi.

"Yaya, in Inna ta kira ka ce na ci abinci."

Tankar ta fita, fitilar kanta na juyawa, ta nufi inda jirage ke tsayawa.

Bakanike na wanke hannu a famfon bakin gareji ya ji ƙarar keke. Kafin keken, warin man zafi ya riga iso. Gajere ne ya shigo ta babbar ƙofa yana haki, riga a kafaɗa, baki na zuba.

"Kai, ka yi haƙuri, wallahi sarƙa ce ta zame min a hanya, ga gwiwar nan, ga masu gadin ƙofa sai da suka juye min jaka kamar yau suka fara ganina. Ina tankar? Mu je mu shafa."

Ruwa na zuba a hannun Bakanike. Bai rufe famfon ba.

"Yanzu ka shigo?"

"Ga ni kana gani."

"Nuna min tafinka."

Gajere ya nuna. Maiƙon sarƙar keke ne kawai a yatsu.

A nan ne abin ya dawo wa Bakanike. Wancan bai yi warin man zafi ba. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya yi, irin ta ƙasan tsohuwar rijiya. Kuma tafin da ya ɗaga masa fari ne tas. Mutum ya shafo rabin tiyo, tafinsa ko ɗigon baƙi babu. Ko zanen tafi babu.

Rabin tiyo ba a duba ba. Rabin da zai kwanta a gaban ƙafar Auta.

Tsoro ya kama shi. Ya fizgo rediyon hannu daga ƙugu.

"Auta! Kada ka ɗaura! Auta, kana ji na?"

Rediyon ya yi ƙara, ya yi shiru. Sai wani sauti ya fito a hankali.

Shuu. Shuu.

Ya jefar da shi. Ya fizge keken daga hannun Gajere ya hau, sarƙar ta sake zamewa, ya yar da shi ya zura da ƙafa. Doka ta hana gudu a filin jirgi. Wani mai tsaro ya daka masa tsawa, ko waiwaye bai yi ba.

Fitilu sun kama. Jirgin na tsaye, fari, ƙato, ƙaramin injin wutsiyarsa na huci da zafi. Ta tagogi ana ganin kawunan mutane suna neman kujerunsu. Tankar na ƙarƙashin fiffike. An ɗaura tiyo. Famfo na gurnani.

Akwai wani ɗan mariƙi mai igiya da mai ba da mai ke riƙewa. Muddin yana matse da shi mai na tafiya, da ya sake komai ya tsaya. An yi shi ne don ko mutum ya faɗi, man ya yanke.

Auta na riƙe da shi. Yana tsaye ƙiƙam, gumi na zuba, idanu a waje.

"Sake!" Bakanike ya yi ihu. "Sake shi!"

Leɓen Auta ya motsa. Da ƙyar muryar ta fito.

"Yaya... hannuna ya ƙi buɗewa."

Sai Bakanike ya ga wancan mutumin.

Yana tsugune a kan tiyon, cikin inuwar fiffike, da riga irin ta Gajere. Ya ɗora farin tafinsa ɗaya a kan robar. A ƙarƙashin tafin tiyon ya kumbura kamar ƙurjin da ya nuna, yana bugawa. Ɗaya hannun kuma ya miƙe. Ya miƙe ya wuce inda hannun mutum ke tsayawa, ya bi ƙasa, ya hau jikin Auta, ya dunƙule a kan yatsunsa.

Warin rijiya ya danne warin mai.

Hular ta ɗago kaɗan. Bakanike bai yarda ya kalli abin da ke ƙarƙashinta ba.

"Kai ka tare hanya," in ji muryar, a hankali, kamar a cikin kunnensa. "Mu ma da iyali muka fito."

"Na tuba," in ji Bakanike. "Ni ne. Ba shi ba."

Farin tafin ya fara ɗagawa.

Akwai jan maɓalli a gefen tanka, na kashe komai. Bakanike ya yi tsalle ya kai masa duka da hannun dama. Hannun ya faɗa a kai kamar tsumma. Ba ƙarfi, ba ji.

Roba ta yi ƙara. Tsss.

Siririn mai ya yi tsiri sama, ya bugi cikin fiffike, ya watso musu a fuska. Iska na kaɗa shi wajen wutsiya.

Ya ambaci sunan Allah da dukkan muryarsa, ya kai wa maɓallin karo da goshi.

Famfo ya mutu.

Tsirin ya rusuna, ya koma ɗigo. Mariƙin ya faɗi daga hannun Auta. Bakanike ya cakumi wuyan rigarsa da hagu ya ja shi, suka yi ta baya har suka zube a kan kwalta, jiƙe da mai, jini na bin hancin yayan. Jiniya ta tashi. Motar kashe gobara ta iso ta lulluɓe wurin da kumfa. A kan tiyon babu kowa.

Washegari aka yanka tiyon. Rabin Bakanike lafiya lau. Ɗaya rabin ya ruɓe ta ciki, yatsa ma na shiga. Manya suka ce tsufa ne da daɗewa a ajiye, suka sayo sabo. Auta ya ce shi bai ga kowa ba, hannunsa ne kawai ya sandare, kuma har yau ba ya son a tayar da zancen. Gajere da kansa ya jera duwatsu nesa da 'yar hanyar nan ya shafa musu fenti, ba wanda ya tambaye shi dalili.

Bakanike bai bar aiki ba, da hagu yake shafawa yanzu. Tafin damansa bai ƙara jin komai ba, kuma bai ƙara yin baƙi ba. Ko cikin baƙin mai ya tsoma shi, fari yake fitowa. In suna tahowa a kan tiyo Gajere ya ɗan yi shiru don ya haɗiyi yawu, sai ka ji Bakanike daga can ya ce, "Yi magana mana! Ina labarin surukar?"

Da matar Auta ta sauka, Inna ta naɗo jaririn a zani ta miƙa wa babban ɗanta, tana sa masa albarka, ta ce ya riƙe amana. Ya karɓa, ya shafa kan yaron da hannun dama yadda kowa ke yi. Gashin na nan, laushin na nan, yana gani da idonsa. Bai ji komai ba.

Ya juya wa mutane baya don kada Inna ta ga fuskarsa, ya mayar da yaron ɗaya kafaɗar, ya sake shafawa da hagu.