Kabarin da Na Gina wa Gwamnati

Da yamma na fita da bokitin ruwa zan yayyafa wa kabarin kakana. Kafin ku yaba min, ku sani babu kakana a ciki. Babu kowa a ciki.

Gwamnati ce za ta ja titi, ta duba duk faɗin ƙasa ba ta ga inda ya yi mata ba sai tsakiyar filina. Ni, bawan Allah, da ko kazar wani ban taɓa kora ba. Ma'aikatan awo suka kafa turaku masu jan fenti, ni kuma na kai ƙara. Lauyana ya ce, "Yallaɓai, kukan mai rai ba ya tsayar da titi. Da dai akwai kabari a filin, da alƙali ya saurare mu."

Mai kai irin nawa ba a yi masa bayani sau biyu. Na tula ƙasa, na daddaɓe, na dasa ciyawa. A kotu na faɗi sunan kakana, na rantse shi ne a ciki, na yi kukan da har magatakarda ya miƙo min hankici. Ban-ruwan kuwa don ciyawar ta kama ne kafin alƙali ya zo gani da ido.

Rana ta yi ja sa'ad da na isa. Gyare na ta kuka. Na karkata bokiti.

Ruwan bai kwanta ba. Ya zurara ciki, ƙululu, kamar ana zuba shi a rijiya.

Ni na tula ƙasar nan. Ban haƙa rami ba.

Gyare ya yi tsit. Ƙanshin kafur ya taso, irin na wankan gawa, haɗe da warin danyar ƙasa.

"Sannu da ban-ruwa."

Daga ƙarƙashin ƙafata muryar ta fito, a hankali, kamar mai tsoron tada barci.

"Wa... wane ne?"

"Masu ajiya. Ka rantse akwai mai wurin. Mun gyara masa."

"Wasa nake, ranka ya daɗe."

"Sunan wa ka faɗa?"

"Na kakana."

"Shi yana kwance inda aka sa shi. Wa kuma ke amsa sunan?"

Ni ne. Sunansa aka raɗa min.

Ƙasa ta buɗe ƙarƙashin ƙafata ta dama. Sanyi ya kama idon sawuna. Yatsu ne. Na ji su ɗaya bayan ɗaya.

Ana ja.

Gwiwata ta shige.

Na faɗi rubda ciki, na lalubo turken gwamnati, na rungume shi da hannu biyu. Na fizge ƙafata da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Takalmina ya tafi.

Ban waiwaya ba.

Bayan mako alƙali ya je, ya ga ciyawa shar, ya yanke hukunci: titi ya kauce, kabari ya zauna. Maƙwabta suna ta yi min barka.

Ƙafar nan har yau ba ta ɗumi, ko na kara ta a wuta. Na koma wurin lauya na ce ya roƙi gwamnati ta karɓi filin kyauta, ta malala kwalta a kai, mai kauri.

Ya tuntsire da dariya. "Yallaɓai, ai ka ci shari'a. Yanzu duk duniya babu mai ikon taɓa wurin nan. Naka ne har abada."